Kafin Mu Koya Wa Manomi Noma

'Yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, ku gafarce ni, zan fara da ba ku labarin wata kunya da na sha, domin ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Bara da damina, sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni aka tura ni wata ƙaramar makaranta a wani ƙauye na jigawa. Ran nan darasin aikin gona ya zo. Na shiga aji da ƙafafa, na zana gona a jikin allo, na ja kunyoyi a miƙe sai ka ce an sa zare. Na gaya wa yara gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, aka tumɓuke kututture, aka sare itatuwa don kada inuwa ta kashe shuka, aka kuma shuka iri guda tak. Na ce cuɗanya gero da dawa da wake cikin gona guda aikin rashin sani ne. Yara suka rubuta, ni kuwa na fita ina jin na yi aiki.

Kashegari da la'asar ina zaune ƙofar masaukina, sai ga wani yaro na ajin nan. Ya durƙusa, ya ce kakansa yana kirana a gona. Na bi shi. Na tarad da tsoho tsaye gindin wani babban gawo, ya dogara da fartanya. Muka gaisa.

Ya ce, "Malam, yaron nan ya ce ka ce in sare wannan."

Na ce, "I, Baba, haka a ke koyarwa."

Ya ce, "To, ɗaga kanka, ka nuna mini inuwar da za ta kashe mini gero."

Na ɗaga kai, sai na ga rassa tsirara, babu ganye ko ɗaya, ga shi kuwa tsakiyar damina. Ya ce in dubi ƙasa. Na duba, geron da ke ƙarƙashin gawon ya ɗara na sauran gonar tsawo da kauri, kamar shi kaɗai aka zuba wa taki.

Ya ce, "Da rani shi ke da ganye. Dabbobi su zo su sha inuwa, su ci 'ya'yansa, su bar mini kashi. Ruwa na sauka ya kaɗe ganyensa ya ba gero, ya bar rana ta shigo. Ubana ya bar mini shi, ni kuma wannan zan bar wa. Batun wake kuwa, in gero ya ƙi, dawa ta yi. In duk sun ƙi, harawa ta ciyad da akuya, akuya ta ciyad da mu. Kai, Malam, albashi ka ke jira, ni ruwa na ke jira, shi kuwa ba ya alkawari."

Abin da ya fi ci mini rai, ni ma ɗan manomi ne. Akwai gawo a gonar gidanmu, tun ina ƙarami na ke tsinto wa tumaki 'ya'yansa. Amma duk shekarun da na yi ina karatu, ban taɓa zaton wannan ma ilmi ne ba, don ban gan shi a rubuce ba.

Da na komo Kwaleji na shiga ɗakin littattafai, ina neman ko akwai masanan da suka kula da irin wannan al'amari. Ashe fanni ne guda. Turawa suna kiransa anturofoloji, watau ilmin ɗan Adam da zamansa: aurensa, gadonsa, sana'arsa, da yadda ya ke mulkin kansa. Wani reshe na fannin nan ya tsaya kan tambaya ɗaya, ita ce yaya jama'a su ke zama da ƙasar da suka sami kansu a cikinta, abin da a ke ce wa muhalli yanzu, watau ruwanta, turɓayarta, itatuwanta, dabbobinta da lokatan shekararta. Hanyar masu wannan ilmi kuwa ita ce zama. Mutum ya tare cikin jama'a shekara guda ko biyu, ya koyi harshensu, ya ci tuwonsu, ya bi su gona da mashaya, ya yi ta tambaya, ya auna, sa'an nan ya rubuta.

Kada wani ya ce wannan tambaya baƙuwa ce gare mu. Ibnu Haldun, mutumin Tunis, ya rubuta Muƙaddima cikin 1377, ya yi dogon bayani a kan yadda hanyar neman abinci ke bambanta halin mutanen daji da na mutanen birni. Muhammadu Bello ɗan Shehu kuma, cikin Infaƙul Maisuri na 1812, ya fara da siffanta ƙasashen nan namu da mutanen da ke cikinsu. Ra'ayina shi ne, ya kamata kowane mai shirin zama malamin makaranta ya sami rabo daga wannan ilmi tun yana Kwaleji, ya kuma gwada shi da kansa a garinsu. Ga dalilaina.

Bari in fara kawo misali daga nesa, gama abin kusa ido ya saba da shi har ba ya ganinsa. Akwai wata al'umma a ke kiransu Nuwer, suna zaune a Sudan ta Kudu da yammacin Habasha, wajen Farin Nilu da Kogin Sobat. Wani masani mutumin Ingila, Evans-Pritchard, ya yi ta zuwa yana zama cikinsu tsakanin 1930 da 1936, littafinsa a kansu ya fito cikin 1940. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, kuma laka ce. Da damina koguna su cika su batse, ruwa ya malale ko'ina, sauro ya tashi. Da rani laka ta bushe ta tsattsage, ruwan sha ya yi wuya. Saboda haka ya iske zamansu kashi biyu ne. Da damina suna ƙauyuka bisa 'yan tuddai inda ruwa ba ya kaiwa, suna noman dawa. Da rani su gangara bakin koguna da tafkuna, su kafa sansani, suna kiwo da kamun kifi. Nono da dawa da kifi, kowane yana toshe yunwar da ɗan'uwansa ya bari, babu ɗaya da zai riƙe su shi kaɗai. Har lissafin lokaci a jikin shanu su ke yinsa. Inda mu za mu ce da hantsi ko da la'asar, su sai su ce lokacin tatsa, ko lokacin komowar garke. Saurayi a kan kira shi da sunan sansa. Kashin shanu su kan busar su ƙona, hayaƙin ya kore wa garke sauro.

Amma ga inda labarin ya fi amfani. A wancan zamani Nuwer ba su da sarki, ba alkali, ba dogari. Baƙo mai wucewa sai ya ce zaman kara zube su ke yi. Shi da ya zauna, sai ya lura rani yana tilasta wa ƙauyuka da yawa su taru a mashaya guda. Mutanen da ba makawa za su shayad da shanunsu tafki ɗaya ba su iya riƙe gaba har abada. Don haka in wani ya yi kisan kai, sai ya gudu gidan wani dattijo mai yafa fatar damisa, inda ba a taɓa shi. Dattijon nan ba shi da mayaƙa, ba ya iya tilasta wa kowa, sai dai ya yi ta kai da kawowa tsakanin dangi biyu har a yarda da diyya ta shanu. Ashe ƙishirwar rani tana cikin abin da ya gina shari'arsu. Ban ce ƙasa ita ke yanka wa mutane al'ada kamar yadda tela ke yanka riga ba. Ƙasa iyaka ta ke kafawa, mutane su yi dabararsu a ciki. Amma wanda bai san iyakar ba, ba zai gane dabarar ba.

Mu ma muna da irin wannan. Bayan kaka Bafillace ya kan sauka gonar manomi, shanu su ci kara su bar taki, manomi ya ba shi damin hatsi, kowa ya ƙaru. Tsakanin gonaki kuma a kan bar burtali don garke ya wuce zuwa mashaya. Inda aka nome burtali, aka killace fadama don noman rani, wannan zumunci ya kan yanke, faɗa ya tashi. Wanda ya ji labarin faɗan kurum zai ce ƙiyayyar kabila ce. Wanda ya sami horon da na ke magana a kai, tambayarsa ta farko ita ce, ina hanyar shanu ta bi da, ina kuma ta bi yanzu?

Misali na biyu shi ya fi tsorata ni, domin ya shafi aikinmu na koyarwa. A kudancin ƙasar Gini akwai wani yanki a ke ce masa Kisidugu. Fili ne na doguwar ciyawa, amma kusan kowane ƙauye, cikin ƙauyuka wajen 800, yana zaune tsakiyar ɗan kurmi mai duhu wanda ya kewaye shi kamar ganuwa. Faransawa suka kama ƙasar cikin 1893. Masanansu na itatuwa suka duba, suka yanke hukunci cewa da can duk ƙasar kurmi ce, mutane ne suka cinye ta da gatari da wuta, 'yan kurmin nan da a ke gani su ne ragowa. A kan wannan zato aka kafa dokoki, aka hana ƙuna, aka yi ta cin mutane tara. Gini ta sami mulkin kai cikin 1958, amma zaton bai tashi ba. Aka sa shi cikin littattafan makaranta, aka yi ta koya wa yara.

Cikin 1992 waɗansu masana biyu na ilmin ɗan Adam, James Fairhead da Melissa Leach, suka je suka zauna a ƙauyukan Kisi da Kuranko, suka tambayi tsofaffi tarihin garuruwansu. Tsofaffi suka ce a cikin ciyawa kakanninsu suka kafa gari, su suka dasa rimi da sauran itatuwa kewaye da shi, don kariya daga iska da gobarar daji da mahara. Shara da toka da kashin dabbobi da a ke zubarwa bayan gida suka yi ta ƙosad da ƙasa. Shanun da a ke ɗaurewa gefen gari suna cinye ciyawar da wuta za ta bi. Ƙunar da a ke ci musu tara a kanta kuwa, sau da yawa da gangan su ke yinta da wuri, tun ciyawa na da ɗanye, don kada babbar wutar tsakiyar rani ta sami abin ci ta iso gari. Har kufai, in an tashi an bar shi, kurmi ya kan zama, domin ƙasarsa ta riga ta yi ƙarfi.

Masanan nan ba su tsaya ga maganar baki ba. Suka nemo hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama cikin 1952, suka gwada su da na tauraron ɗan Adam na wajen shekara 40 bayan haka, suka kuma tono tsofaffin rahotannin Faransawa. Sai ga shi a wurare da yawa kurmi ƙaruwa ya yi. Littafinsu ya fito cikin 1996. Kusan shekara 100 ke nan a ke karanta ƙasar nan a juye, a ke hukunta mai dashe da laifin sara.

Ku lura, masanan farko ba jahilai ba ne. Sun san sunan kowane itace da halinsa. Abu ɗaya suka rasa, ba su ga mai ƙauye ya isa a tambaye shi ba. Wa kuwa ya kai kuskurensu cikin zuciyar yara, har yaro ya tashi yana ganin ubansa maɓarnaci? Malamin makaranta ne, irina, tsaye gaban allo da alli a hannu.

Yanzu mu komo gida. Cikin 1934 wani shaihun malami na ilmin daji daga Jami'ar Edinbura, Stebbing, ya zaga arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Cikin 1935 ya buga takarda yana cewa hamadar Sahara tana gangarowa kudu, ya ɗora laifin a kan sassabe da ƙuna da kiwo. Magana ta yi ƙarfi har gwamnatin Ingila da ta Faransa suka haɗa 'yan bincike, suka bi iyakar ƙasashen biyu cikin 1936 da 1937. Suka komo suka ce ba su ga alamar yashi na tahowa ya binne ƙasa ba, ko da ya ke sun ga wuraren da sassabe ya yi ɓarna. Amma kun san tsoro ya fi gyara saurin tafiya. Maganar Stebbing ita ta zauna a bakin mutane.

Waɗanda suka zo suka zauna daga baya, wani abu dabam suka gani. Michael Mortimore, wanda ya koyad da labarin ƙasa a Zariya da Kano tun daga shekarun 1960, ya daɗe yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda mutane suka yi yawa har ba a barin gona ta huta. Bisa ga zaton masu tsoro, can ne ya kamata ƙasa ta fara mutuwa. Sai ya iske ana noma gona kowace shekara ana ciyad da ita da taki, jakuna suna kai itace birni suna komowa da mangalar shara, dabbobi suna ɗaure da damina ana tara kashinsu. Ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo suna tsaye cikin gonaki, kowace da mai ita, reshe a ke sassaftowa, ba a taɓa gindi. A Samaru kuma David Norman ya bi manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau tun daga 1966, yana rubuta aikinsu da amfaninsu. Ya tabbatar cewa cuɗanya iri cikin gona guda ya fi shuka iri ɗaya riba, ya kuma fi shi tsare mutum daga asara in damina ta yi gardama. Abin da tsohon nan ya gaya mini gindin gawo, ashe an riga an auna shi da alƙaluma tun ba a haife ni ba.

Na Maraɗi ya fi duka daɗin ji. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa a Nijar wajen renon itatuwa a gandu ana dasawa, mafi yawansu kuwa suka mutu. Cikin 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirrai da ke tofowa cikin gonaki, waɗanda a ke sassabewa kowace bazara, toho ne na kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai ƙarƙashin ƙasa. In manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya datse saura, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Dabarar ba sabuwa ba ce ga manoma. To, me ya hana su yi? A nan ne sanin zaman jama'a ya shigo. Dokar daji tun ta zamanin Faransawa ta mai da itatuwa abin hukuma, mutum ya kan sha tara in ya sari itace ko da a gonarsa ne. Wa zai reni abin da ba nasa ba, wanda kuma zai jawo masa ma'aikacin daji? Ga shi kuma an daɗe ana koya musu cewa gonar kirki ita ce shararriya, daidai abin da na rubuta wa yara a allo. Da aka sassauta, manoma suka tabbata itacen da suka rena nasu ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona, suka sa masa suna sassaben zamani. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa, kafin 2010, itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Rashin tambaya kuwa yana da tsada. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, don noman rani na zamani. Ba a lissafta da kyau ba cewa dubban mutane a ƙasan gulbin da ambaliyar kowace shekara su ke rayuwa, ita ke jiƙa musu fadamun shinkafa, ita ke kawo kifi. Ambaliya ta ragu, amfaninsu ya ragu. Waɗanda aka karɓe wa gonaki kuma suka tashi neman hakkinsu, cikin 1980 abin ya kai ga zub da jini. Injiniyoyi sun auna ruwa da ƙasa daidai. Zaman mutanen da ke kan ƙasar ne ba a auna ba.

Na san akwai masu suka, kuma sukarsu tana da ƙarfi. Na yi gardama da biyu daga cikin abokaina a ɗakin kwana, bari in kawo maganarsu yadda ta ke.

Na farko ya ce ilmin nan ɗan aiken mulkin mallaka ne, an ƙago shi don a san mu a mallake mu. Akwai gaskiya a ciki. Gwamnatin Turawa ta Sudan ita ta nemi Evans-Pritchard ya yi aikin nan, ita ta biya, a daidai lokacin da ta gama yaƙar Nuwer, har ta kashe wani babban shugaban addininsu, Guek, cikin 1929. Ba mamaki da suka ƙi sakin jiki da shi da fari. A Nijeriya ma C. K. Meek, wanda ya rubuta littafi a kan kabilun Arewa cikin 1925, ma'aikacin gwamnati ne. Amma in baƙo ya rubuta labarin gidanku don amfanin kansa, maganin abin shi ne ku rubuta da kanku. Baƙo sai ya yi watanni kafin ya iya gaisuwa, mu kuwa da harshen muka sha nono. Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, ya zama littafi cikin 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Tsofaffi nawa irinta suka rasu a gidajenmu, jikokinsu masu ilmi na zaune kusa, ba wanda ya ɗauko takarda?

Na biyu ya ce, "Watau so ka ke mu koma jiya, mu ce duk abin da tsoho ya yi daidai ne?" A'a. Jama'a ta ƙaru ƙwarai: ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum wajen miliyan 55, ta 2006 ta ba ta miliyan 140. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe dabbobi, sun tashi garuruwa. Akwai wuraren da yashi ke cin gonaki da gaske, akwai dazuzzukan da masu gawayi suka ƙare. Ilmin nan kansa ba ya ɓoye wannan. Polly Hill, wadda ta zauna Batagarawa kusa da Katsina cikin 1967, ta nuna cewa manoman ƙauye guda ba ɗaya su ke ba. Akwai mai rumbu cike, akwai wanda talauci ya kai shi ga yin ƙwadago a gonar wani a lokacin da tasa ke bukatar noma, don haka kowace shekara ya ke ƙara komawa baya. Sanin gawo ba ya maganin wannan. Muna bukatar ingantaccen iri, da takin zamani, da allurar dabbobi, da rijiyoyi. Tsoho kuma ya kan yi kuskure kamar kowa, shi ya sa a ke gwada maganarsa da awo, yadda aka gwada ta tsofaffin Kisidugu da hotuna. Abin da na ke cewa kurum, likita ba ya ba da magani sai ya tambayi majinyaci inda ke masa ciwo. Mu ma da za a tura ƙauyuka da sunan gyara, mu fara sanin abin da ke wurin, da dalilin da ya sa ya ke wurin.

Saboda haka ga shawarata, ba ta bukatar kuɗi. In hutu ya zo, kowane ɗalibi ya tafi gida da littafin rubutu guda. Ya tambayi manoma sunayen ƙasar garinsu, jigawa da fadama da fako da laka da jangargari, da abin da kowace ke karɓa. Ya rubuta itatuwan da ba a sarewa, da dalili. Ya bi burtali da ƙafa, ya zana inda ya bi da inda ya toshe. Ya tambayi shekarun yunwa da sunayen da aka laƙaba musu, da abin da mutane suka ci suka rayu, ko tafasa ce, ko yaɗiya, ko aduwa, ko goriba. Ya je wurin malamin da ke lissafin taurarin damina, masu kwana goma sha uku-uku, ya ji wane ne na shuka, wane ne na marka. Kada ya tsaya ga maza. Mata su suka san rijiyar da ke ƙafewa da wuri, da itacen da ya yi nisa bana, da ganyen miyar da ya ɓace. Ya tambayi masunta da makiyaya. Kowace magana ya ji ta daga bakin mutum uku kafin ya amince, ya sa sunan gari da kwanan wata. In mun komo a tara littattafan a ɗakin karatu. Ɗalibi 100, gari 100 ke nan cikin hutu guda, na bayanmu kuma su koma garuruwan nan su ga abin da ya sake.

Ku kuma malamanmu, muna roƙo a ba mu ko sa'a guda cikin mako, a koya mana yadda a ke tambaya ba tare da raini ba, da yadda a ke rarrabe abin da aka gani da abin da aka ji. In mun fita koyarwa, darasin labarin ƙasa ya fara da taswirar ƙauyen da yara su ke, da rafinsu da fadamarsu, kafin a kai su Kogin Nilu. Yaron da ya gane ubansa masani ne a kan gonarsa, zai karɓi sabon ilmi ya ɗora bisa tsohon. Wanda aka koya wa raina gida kuwa, ya kan tashi ba ya nan ba ya can, ya bar fartanya bai kuwa kama wani abu ba.

Saura in gaya muku yadda muka ƙare da tsohon nan. Ran da darasin gona ya sake zagayowa, na roƙi izinin babban malami, na kwashi aji duka muka nufi gindin gawo. Na ce wa yara su tsage shafin ranar nan, yau Baba ne malami. Ya yi ta bayani har rana ta yi zafi, yara suna rubutu, ni ma ina rubutu. Da za mu tashi ya dubi littafina, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ashe boko ma yana tambaya?"

Na ce, "Yanzu ya fara, Baba."

Allah ya sa mu dace, amin.